Kuniyasu Mai Awara da Rijiyar Gidan Odagiri

A garinmu na gindin dutse, can inda layin jirgin ƙasa yake ƙarewa a lardin Gifu, ba wanda bai san Kurahashi Kuniyasu ba. Ko ba ka san sunan ba, ka ce "mai awara" an gane. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum jajaye saboda ruwan sanyi, bakinsa kuwa ba abin da ya iya kamar godiya da ban haƙuri. Ko kai ka taka masa ƙafa a hanya, shi zai riga ka cewa "yi haƙuri". Matarsa Fumie takan ce da ana sayar da kunya a kasuwa, da tuni sun gina bene.

Shagon na gado ne. A cikin tururin tukunyar ubansa ya buɗe ido, yana gama makaranta ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, bai kwance shi ba har furfura ta cinye kansa. 'Yarsu ɗaya, Mayumi, ta yi aure a birni, ta ce ita da tashin asuba sun raba gari. In ka tambaye shi sirrin awararsa sai ya yi dariya ya ce, "Wane sirri? Awara ai ruwa ce ta sa rigar wake. In ruwan ya yi kyau, ko makaho ya yi ta."

To, nan fa gizo yake saƙar, domin ruwan ba nasa ba ne. Rijiyar tana bayan katanga, a farfajiyar gidan Odagiri, tsofaffin masu filayen unguwar. Tun Kuniyasu yana rarrafe rijiyar shagon ta ƙafe, maigidan Odagiri na lokacin ya ce wa uban Kuniyasu ya ja daga tasu. Uban ya haƙa ƙarƙashin katanga da hannunsa, ya shimfiɗa bututu, ya sa injin jan ruwa. Ba a rubuta komai ba. Maƙwabci ya ce wa maƙwabci zo ka buga mini hatimi? Ai wannan zagi ne, gara ka fito fili ka ce masa maƙaryaci. Abin da aka yi shi ne, kowace safiya, awarar farko da wuƙa ta yanka sai a sa ta a wani shuɗin kwano a bi da ita ta ƙaramar ƙofar katanga. Mai kaiwa ya rusuna ya ce, "Mun gode da ruwa, kullum muna ɗora muku nauyi." Mai karɓa ya ce, "Haba, ruwa ne kawai fa." Uban ya yi haka har ƙafa ta gaza masa, Kuniyasu ya ɗauki kwanon ya ci gaba, ko ana zuba ƙanƙara.

Sau biyu damar gyara wannan al'amari ta zo masa har gida, shi ya sa nake jin haushin labarin nan in ina ba da shi.

Odagiri Genzo, wanda ya gaji gidan, mutum ne mai hangen nesa, ya taɓa aiki a ofishin gari. Wata sabuwar shekara suna zaune ana shan giyar shinkafa, ya dafa kafaɗar Kuniyasu ya ce, "Kuni, zamani yana juyawa. Zo mu je ofishin rajistar filaye a rubuta ruwan nan a jikin filina, ya zama haƙƙin shagonku ko bayan ranmu."

Zuciyar Kuniyasu ta yi tsalle don murna, bakinsa kuwa ya ce, "Haba, Maigida! Ina ni ina wannan? Kada ka ba ni kunya mana."

Ba wauta ya yi ba, tarbiyya ce. A wurin mutanen da suka tashi a zamaninsa, tayin farko ba a karɓarsa, na biyu ma a yi kara a ture, sai a na uku mutum yake sunkuyar da kai ya miƙa hannu. Wanda ya cafke tayin farko kuwa, har jikokinsa za a riƙa ce musu jikokin mayunwaci. Genzo ya san da haka sarai. Da kaka ta kewayo, ranar bikin girbi, ya sake yi masa maganar, Kuniyasu ya sake cewa a'a, har da ɗaga hannu biyu. Yana komawa gida ya ce wa Fumie ta goge masa baƙar kwat ɗinsa ta fito masa da hatimi, domin sabuwar shekara ta kusa, tayi na uku yana tafe.

Kafin sabuwar shekara Genzo ya faɗi a lambun bayan gida, bai sake magana ba. Da kwat ɗin da aka goge don zuwa ofishin rajista Kuniyasu ya je jana'iza.

"To sai ka je ka gaya wa matarsa abin da ya faɗa," in ji Fumie bayan an share makoki.

"In tunkari mace mai takaba in ce mijinki ya yi mini alkawarin ruwa? Da wane baki?"

"Da wanda kake cin abinci da shi! Kai dai, Baban Mayumi, kunyar nan taka sai ta kai mu ta baro."

Bai je ba. Kuma a gaskiya shekaru suka yi ta wucewa ba abin da ya faru, domin matar Genzo, Chiyoko, ba ta da mugun nufi ko na ƙwayar shinkafa. Ta girme shi nesa ba kusa ba, tun tana amarya a gidan ta san shi yana ɗan gajeren wando, don haka har ya yi furfura Kuni-chan take ce masa, yadda ake kiran ƙaramin yaro, shi kuma ya ce mata Uwar Gida. Tana da wata ɗabi'a: lomar farko ta awara ba ta sa mata citta, ba romo, ba komai. Sai ta rufe ido ta tauna a hankali, sannan ta ce, "Yauwa, rijiyarmu tana nan lafiya."

Sai tsufa ya fara taɓa mata kai. Yau a ga buta a cikin firiji, gobe ta fito da laima tana neman hanyar makarantar da aka rushe tuntuni. Ɗanta ɗaya tilo, Naoyuki, wanda yake aiki a wani kamfani a Osaka, ya zo ya zauna da ita 'yan kwanaki. Lokacin mutanenmu sun shiga yin wani abu da ake kira riƙon amanar iyali: tsoho tun yana da sauran hankalinsa sai ya miƙa gida da fili a hannun ɗansa a rubuce, ɗan ya riƙe ya juya, amfanin kuwa na tsohon ne har ya bar duniya. Dalili shi ne, in hankali ya riga ya tafi ba a yi haka ba, ba mai iya sayar da komai ko gyara komai, dukiya sai ta tsaya cak kowa yana kallonta. Haka Naoyuki ya yi da uwarsa. Da Kuniyasu ya ji labari, cewa ya yi, "Kai, wannan ɗa ya haifu!" Har soyayyar awara ya ƙulle masa ya tafi da ita Osaka.

Ba a daɗe ba aka kai Chiyoko gidan kula da tsofaffi da ke hayin kogi, aka rufe babban gida. Kuniyasu bai fasa ba. Kowace safiya sai ya ɗaure shuɗin kwanon a bayan babur ya haye gada. Akwai ranakun da ba ta gane ɗan da ta haifa, ta riƙa ce masa "malam", amma da zarar lomar farko ta shiga bakinta sai ta buɗe ido ta ce, "Af, Kuni-chan, kai ne?" Masu jinya har taruwa suke yi su kalla.

Da bazara ta shigo, wata safiya Fumie ta leƙa ta kan katanga ta ga wasu maza da hulunan kwano suna awo, suna kafa turaku masu jan kai. Ɗaya daga cikin turakun dab da bakin rijiya. Kafin mako ya kewayo sai ga Naoyuki a ƙofar shago, cikin kwat, ɗauke da akwatin alawa na wani babban kanti, an naɗe shi da takarda mai tsada.

Fumie ta matso kusa da mijinta ta ce a hankali, "Baban Mayumi, akwatin nan ya cika girma. Ba alheri ya kawo shi ba."

Aka shiga ciki aka zauna a kan tabarma. Naoyuki bai taɓa shayin da aka ba shi ba. Ya durƙusa, ya kafa hannuwa biyu a ƙasa, ya kai goshinsa har tabarma.

"Kawu, ka yafe mini. Za a rushe gidan, za a gina ɗakunan haya. Gidan tsofaffin nan ya fi ƙarfin fanshon Mama, ni kuma ga yara a makaranta. Ba wata hanya." Ya ɗago kai kaɗan. "Ginshiƙin ginin a kan rijiya zai sauka. Za a cike ta."

Kuniyasu ya yi sororo. Kunnuwansa suka ɗauki wani irin kuka, ya ga bakin yaron yana motsi amma ba ya jin komai. A cike rijiya? Rijiyar? Kamar a ce masa gobe za a ɗauke dutsen da ke bayan gari. Ya buɗe baki don ya yi ihu, amma bakin da ya saba da abu ɗaya tun yana yaro sai ya yi abin da ya saba.

"Ayya," in ji shi. "Ka sha hanya. Sannu da ɗawainiya."

Naoyuki yana fita Fumie ta fashe. "Sannu da ɗawainiya? An zo har ɗakinka an yanka ka, kana cewa sannu da ɗawainiya? Me ya hana ka wasa masa wuƙar?" Kuniyasu kuwa yana zaune yana kallon akwatin alawa.

Washegari ya kai awara hayin kogi kamar kullum, da niyyar ba zai ce komai ba, don bai ga amfanin tayar wa tsohuwa da hankali ba. Sai aka yi dace ranar kanta a sarari yake. Ta ci lomarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kuni-chan, yau fuskarka kamar awarar da ta kwana. Lafiya?"

"Lafiya lau, Uwar Gida."

"Ƙarya kake yi, tun kana yaro ba ka iya ta ba." Ta ajiye cokali. Can sai ta ce, kamar wadda ta tuna tukunya a kan wuta, "Wai ni kam, Maigida ya ce ka ƙi zuwa a rubuta ruwan nan. Sau biyu fa ya yi maka magana, da bakinsa ya gaya mini. To ni na cika na ukun. Zo a rubuta."

Maganar da Kuniyasu ya cire rai da ita tun ranar jana'iza, ga ta ta fito daga bakin tsohuwar da take manta sunan ɗanta. Ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa gado, hawaye na zuba, ya ce, "Na karɓa, Uwar Gida. Na karɓa."

Ta sa aka ba ta takarda da alƙalami, ta rubuta da hannunta cewa ruwan rijiya na shagon Kurahashi ne har abada. Ta zaro hatiminta daga 'yar jakar ƙyallen da ba ta rabuwa da ita, ta danna, ja wur.

Da rana tsaka shi da Fumie suka hau benen da ke saman kantin magani, ofishin Malama Sakaki, wadda ita take rubuta wa mutanen gari takardun filaye. Kuniyasu ya sa baƙar kwat ɗin nan, duk da ta matse shi. Ya miƙa takardar da hannu biyu yana murmushi.

Malama Sakaki ta karanta, ta duba na'urarta, ta sake karantawa. Ta cire tabarau.

"Kurahashi-san," in ji ta, ta kira shi da sunan gidansu cikin girmamawa, "hatimin nan na Uwar Gida ne, ban musa ba. Amma filin ba a hannunta yake ba."

"Ba a hannunta ba? Wa ya ƙwace mata?"

"Ba wanda ya ƙwace. Ita ta miƙa shi amana. Amfanin nata ne, ikon na ɗanta ne. Ko da hankalinta garau yake, yau ba ta da ikon ba ka ko cokali ɗaya na ruwan nan a rubuce."

"Amma gidanta ne, Malama! A nan ta haihu, a nan mijinta ya mutu!"

"Na sani."

Ta juyo musu da fuskar na'urar ta nuna musu abin da ke rubuce a kan filin. Ga haƙƙin kamfanin lantarki na ratsa kusurwar lambu da waya, yana nan. Ga wata tsohuwar jingina da Genzo ya yi wa ƙungiyar manoma lokacin da ya gina rumbu, ita ma tana nan. Duk sun bi filin sun shiga amana, ba wanda ya goge su, ba kuma wanda zai iya.

"Duk abin da aka rubuta a jikin fili, bin fili yake yi duk hannun da ya shiga," in ji ta. "Abin da aka bari a bakin mutane kuwa, mutanen yake bi."

Fumie ta riƙe baki. "Wato waya tana da haƙƙi, mu ba mu da shi."

"Tsaya tukuna, akwai wata ƙofa." Malama ta ɗauki alƙalami. "Wanda ya shimfiɗa bututu da hannunsa, a fili kowa yana gani, ya yi shekaru masu yawa yana jan ruwa a matsayin haƙƙinsa, doka tana iya tsaya masa ko ba rajista. Wa ya sa bututun?"

"Mahaifina!" Kuniyasu ya gyara zama.

"Madalla. Tsakaninku da gidan fa, yaya ake yi? Kun taɓa nuna cewa alfarma ake yi muku?"

Nan fa Kuniyasu ya samu abin da zai yi alfahari da shi. Ya ba ta labarin shuɗin kwano tun daga kan ubansa. Ya ce ko ranar da aka haifi Mayumi sai da ya kai awarar kafin ya wuce asibiti. Ya faɗi kalmomin da yake faɗa a bakin ƙofa, har da rusunawar, don ta ga yadda ake yi. Fumie ma ta sa baki, ta ce a tambayi duk wanda aka ga dama a unguwa, ba a taɓa fashi ba.

Malama Sakaki ta ajiye alƙalamin a hankali.

"Kullum?"

"Kullum, Malama."

"Kana cewa kun gode, kuna ɗora musu nauyi?"

"To me zan ce in ba haka ba?"

"Kurahashi-san, ban san yadda zan gaya maka ba. Kowace safiya kana zuwa da ƙafarka kana shaida cewa ruwan ba naka ba ne, ara maka ake yi don mutunci. Mai haƙƙi ba ya godiya kullum a kan haƙƙinsa. In aka je gaban alƙali, ɗaya ɓangaren ba sai sun nemo shaida ba. Garin nan kaf ya ga kwanon."

Kuniyasu ya dube ta, ya dubi matarsa. Ya ji kamar an ɗaga benen an juya shi.

"Malama, tsaya in gane. Kina nufin da na yi ta kwasar ruwan mutane, ba sannu ba na gode, kamar ɓarawo..."

"Da ka fi ƙarfi a gaban alƙali. Ban ce ba za ka iya kai ƙara ba, amma ina jin tsoron yadda za ta kaya."

"Ƙara? In kai gidan Odagiri ƙara?" Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi a bayansa. Bai taɓa barin abu a ƙasa a ofishin mutane ba, amma ranar bai ma san ta faɗi ba. Fumie ce ta ɗaga ta, kuma a karo na farko tun da aka ɗaura musu aure, ta sauko daga bene ta yi tafiya har gida ba ta ce uffan ba.

Ranar da Naoyuki ya dawo kwashe kayan gidan, suka same shi a bakin ƙaramar ƙofa. Kuniyasu ya nuna masa takardar uwarsa. Naoyuki ya karanta, idonsa ya kawo ruwa, ya mayar masa.

"Rijiya ta bayar, guga ya hana," in ji Fumie. Bakinta ya dawo. "Kai da aka yaye ka da awarar shagon nan! Mahaifiyarka ta ce a ba mu, kai wane ne?"

"Ni ba kowa ba ne, Goggo, shi ne matsalar. Ni mai riƙo ne. Da filina ne, da na ba ku ko in kwana da yunwa. Amma an damƙa mini ne don a ciyar da Mama, ba ni da ikon yin kyauta da shi. Na roƙi mai zanen gini ya kauce wa rijiyar, banki ya ce in ginin ya ragu ba zai ba da rance ba."

"Uwa ba ta da iko, ɗa ba shi da iko," in ji Kuniyasu, sannan ya kira shi da sunansa na yarinta. "To Nao-kun, filin nan na waye?"

Naoyuki ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Kawu, da an rubuta tun Baba yana da rai, da ruwan ya biyo filin ya zo hannuna ko ina so ko ba na so. Da bankin ma dole ya haƙura a kewaye rijiyar. Me ya sa ba ku rubuta ba? Baba ya gaya mini ya yi maka tayi har sau biyu ka ƙi. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka ba ka so ne."

Ya ɗauka ba ya so! Kuniyasu ya saki baki yana kallon wannan mutum mai furfura a gefen kunne, wanda ya tashi a bayan katangarsa, ya ci daga tukunyarsa, amma bai san cewa a'a biyu jiran na uku suke yi ba.

Ba a cike rijiya a garinmu haka kawai. Ranar da za a yi, aka kira mai hidimar ɗakin bauta, ya zo cikin fararen kaya, ya yi addu'o'insa, ya watsa gishiri da shinkafa, ya tsiyaya giya a cikin ruwan don a sallami iskan da ke zaune a ciki. An gayyaci Kuniyasu, ya kuma zo, don ba ya iya ƙin gayyata. Ya kawo awarar ƙarshe da ya yi da ruwan, ya ajiye a bakin rijiyar, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba. Daga nan ma'aikata suka zura wata doguwar gora da aka huda gaɓoɓinta, suka tsayar da ita a tsakiya, suka fara zuba tsakuwa da yashi a kewaye. Shugabansu ya yi wa mutane bayani cewa gorar don iskan rijiya ya samu hanyar numfashi ne, kuma an sa ta a zanen ginin, za ta fito ta gefen bango, ba mai taɓa ta.

Fumie ta zunguri mijinta da gwiwar hannu. "Ka gani ko? Iska ma an bar masa bututunsa."

Da yamma Kuniyasu ya kashe injin da ubansa ya sa, ya naɗe wayarsa.

Bai rufe shago ba, mutum irinsa bai san yadda ake zama ba aiki ba. Mayumi ta aiko masa da matatar ruwa mai tsada, aka haɗa ta da famfon gari. Ya jiƙa wake, ya niƙa, ya dafa, ya tace, ya zuba ruwan gishirin teku mai daskarar da ita yadda ya saba, ya danne. Awarar ta fito fara tas, ta tsaya da kyau. Masu saye suka ɗanɗana suka ce ai ba bambanci, wasu ma suka ce ta fi ta da. Fumie ta ci ta ce, "Ba laifi," ta kau da kai. Shi kansa ya ci, ya sake ci, har ya fara gaya wa zuciyarsa cewa wataƙila tsufa ne ya sa yake jin kamar akwai abin da ya ɓace.

Ya sa yankan farko a shuɗin kwano, ya ɗaure a bayan babur, ya haye gada. Babu sauran ruwan da zai yi godiya a kansa, amma ƙafarsa ta san hanya.

Chiyoko tana zaune a bakin taga an lulluɓe mata gwiwa da bargo. Ta dube shi da idon da take duban kowa kafin ta ci, ido mai ladabi wanda bai san kowa ba. Bai damu ba, ya saba. Ya ajiye kwanon, ya miƙa mata cokali, ya ja da baya yana jira. Masu jinya biyu suka tsaya a bakin ƙofa.

Ta ɗebi lomar farko, ba citta ba romo. Ta rufe ido ta tauna a hankali. Sai bakin ya tsaya. Ta buɗe ido, ta ajiye cokalin, ta tura kwanon gefe da yatsu biyu.

"Malam, kai ne sabon mai kawo abinci? Na gode ƙwarai, ka sha wahala. Amma ni ba na cin ta kanti. Mayar da ita, kada ta lalace. Kuni-chan yana nan tafe da tawa."

"Uwar Gida," in ji shi. "Ni ne."

Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. "Ba ya makara, ka san. Tun yana ɗan gajeren wando bai taɓa fashi ba."

Kuniyasu ya tsaya riƙe da hularsa. Can ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Yi haƙuri, na dame ki." Ita kuwa ta riga ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofa, ta gyara bargo, tana jira.